Yara sun ishe ni da tambayar dabbobi, me zan nuna musu?

Maman Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba da hutu, yarana sun hana ni sakat da tambayoyin dabbobi. Jiya ƙaramin ya kafe wai ruwa ne a tozon raƙumi. Don Allah a ba ni shawarar abin da zan nuna musu, wanda ba sai mun je gidan zu na Kano ba.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Kitse ne a tozon, da shi jikinsa yake amfani idan abinci ya yi wuya, shi ya sa za ki ga ya kwanta in raƙumi ya rame. In da hali, babansu ya kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis su gani da idonsu.

Masunci daga Haɗeja: Ni dai gaiwa zan ce. Kifi ce, amma tana da huhu, iska take shaƙa. In fadama ta fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zame mata kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Haka za ta kwanta rani guda cur, ba ci ba sha, sai ruwan damina ya jiƙa ƙasar ta farka. Da fartanya ake haƙo ta a busasshiyar ƙasa. Yaro ya ga an tono kifi mai rai kamar rogo, ai ba zai manta ba.

Maman Khalifa: Ikon Allah! Kawu, ni a miya kawai na san ta.

Inna: Ku bar raina na ƙofar gida. Hawainiya fa? Kowane ido da inda yake kallo, harshenta kuma ya fi jikinta tsawo. A dai hana su jifanta, ba ta da dafi.

Ɗalibin jami'a: Gaskiya ne Inna. Ga buzuzu ma, mai mirgina kashin shanu da ƙafafun baya. A 2013 masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna akwai irinsa da ke bin hasken taurari da daddare don kada ya karkace hanya.

Malamin firamare: In hunturu ya shigo kuma, a gwada dausayin Baturiya a Kiri Kasamma. Tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suna sauka a can bayan sun ƙetare Sahara. A je da sassafe.

Inna: Baturiya da nisa, Malam, ga tsadar mota. Su zauna bakin garke su kalli carki yana cire wa saniya kaska, kyauta ne.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Kawu, yaushe ake fara haƙon gaiwar? Khalifa ya ce shi sai ya taɓa ta da hannunsa.

Masunci daga Haɗeja: Sai taɓo ya tsage tukuna, zan yi miki magana. Amma ya yi hankali da bakinta, tana cizo.