Wa ke sa ido a kan dawakin da ake lodawa zuwa kudu?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Kilin dokin mahaifina shekara 14 yana turke a gidanmu, da shi muke kilisa ranar Juma'a, da shi muke hawa da Sallah. Bara ƙafarsa ta baya ta kumbura, ga dusa da harawa sun yi tsada, sai Baba ya yarda wani dillali ya tafi da shi, wai gona za a kai shi ya huta. Bayan kwana uku ƙanena ya gan shi a Mararrabar Jama'a, kusa da Jos, cikin tirela, an cusa shi tare da wasu dawaki da jakuna, igiya ta yanke masa wuya, ƙuda na bin wurin. Ya gane shi ne da tabon goshinsa. Direban ya ce kudu suka nufa, wajen yanka. Har yau ban iya gaya wa Baba ba. Shin akwai hukumar da ke duba irin wannan lodi? Kuma me mu mutanen unguwa za mu iya yi?

Likitan Dabbobi, Bukuru:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ku haƙuri. Yawancin motocin nan ta Akwanga, Lafiya da Makurɗi suke bi zuwa Obollo-Afor a jihar Inugu, inda ake cinikin dawaki ana yanka su. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda aka sabunta a 2022, ta tanadi duba lafiyar dabba da takardar izini kafin safara. Amma hankalin dokar yana kan cuta ne. Ƙishirwa da cunkoso a mota, ba kasafai ake tsayar da direba a kansu ba. Da kun kawo shi cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun ƙafar tana sabon kumburi, wataƙila da ta warke. Cibiyar nan tun 1924 take aiki, a ƙofar gidanmu.

Malam Na-Rikkos:
Ɗana, mu nan Malikiyya muke bi, kuma mashhurin mazhaba ba a cin doki. Hujja ita ce aya ta 8 a Suratun Nahli, inda Allah ya ambaci dawaki, alfadarai da jakuna don hawa da ado. Shafi'iyya sun halatta, suna da hadisinsu. Amma azabtar da dabba da yunwa da ƙishi, babu malamin da ya yarda da shi.

Tsohon Dillali:
Gafarta Malam, a duba ɗaya ɓangaren ma. Doki ya tsufa, mai shi ba ya iya ciyar da shi, sai ka gan shi a bola yana cin leda. Wa ke sayen irinsa in ba 'yan kudu ba? La'ada muke ci, gaskiya ne. Amma ƙaryar gona da aka yi wa dattijo, wannan ha'inci ne, ban goyi baya ba.

Ɗan Gangare:
Na gode. Likita, na ga shugabannin Afirka sun hana yanka jakuna don fata a Addis Ababa cikin Fabrairun 2024, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a shekarar. Doki ma ya kamata a yi magana a kansa. Mu bakwai masu doki a unguwa mun zauna jiya bayan isha'i: duk wanda dokinsa ya gaza zai fara sanar da mu, mu yi karo-karon dusa. Za mu kuma kai takarda wa mai unguwa. Likita, in na turo maka ita za ka duba mana kafin Litinin?