Me ya sa 'yan Yukren suke kunna kyandir a taga duk ƙarshen Nuwamba?

Maman_Khairat:
Slm jama'a. Don Allah masu bibiyar tarihi ku taimaka min, na ga hotuna a Facebook mutanen Yukren sun jera kyandir a tagogi, wasu kuma suna ajiye alkama da burodi a gaban mutum-mutumin wata yarinya ramammiya, wai suna tunawa da yunwar Holodomor. Fari aka yi ne ko me? Ƙasar da alkamarta ke zagaya duniya ta yaya yunwa za ta yi musu wannan ɓarna?

Malam_Sadiƙu:
Wslm Hajiya. Ba fari ba ne, yunwar da hukuma ta haddasa ce a 1932 zuwa 1933, lokacin Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyet a ƙarƙashin shugabanta Stalin. An tilasta wa manoma haɗa gonakinsu a gandun gwamnati, sai aka yanka musu kason hatsi da ba za su iya cikawa ba, ga shi amfanin 1932 ɗin ma bai yi kyau ba, amma ko a jikinsu, jami'ai suka riƙa bi gida-gida da sandar ƙarfe suna caccakar ƙasa ko an binne hatsi, har irin shuka suka kwashe. A watan Agustan 1932 aka yi dokar da ko kala mutum ya yi a gonar gandu zai iya shan ɗaurin shekara 10 ko a harbe shi. Kala fa Hajiya! Shi ya sa yarinyar nan da kika gani take riƙe da 'yan zangarniyoyi, tana gaban gidan tarihin Holodomor ne a Kyiv. Kuma duk wannan bala'in ana ci gaba da fitar da hatsi ana sayarwa waje. Masana suna ƙiyasta mutum miliyan 3.5 zuwa 5 suka mutu.

Abu_Fahad:
Malam ban ƙi ta taka ba amma a faɗi gaskiya duka, ai ba Yukren kaɗai ba ce, Kazakistan ma ta rasa sama da mutum miliyan 1 a wannan lokacin, yankin Volga na Rasha ma an mutu. Ni dai ina ganin Turawa sun ɗauko zancen ne saboda yaƙin Rasha da Yukren, majalisar Jamus sai a 2022 ta ce kisan ƙare dangi ne, da can ina suke?

Malam_Sadiƙu:
Maganarka ta Kazakistan haka take ɗan'uwa, kuma da ita Rasha take kafa hujja har gobe, masana tarihin ma ba duka suka yarda a kira shi ƙare dangi ba. Sai dai ka duba, a Janairun 1933 Stalin ya hana manoman Yukren da na yankin Kuban na Rasha fita neman abinci, wanda aka kama a tashar jirgi a mayar da shi ƙauyensu, ƙauyen da ya kasa cika kaso kuma a sa shi a baƙin allo a hana kai masa kaya. Wanda ya kulle mai jin yunwa a ɗaki kam ba zai ce bai san abin da zai biyo baya ba.

Batun siyasa kuwa tunawar ta girmi yaƙin nesa ba kusa ba. 'Yan Yukren mazauna Kanada sun kafa abin tunawa a Edmonton tun 1983, a gida an ware ranar tun 1998, majalisarsu ta yi dokar da ta kira shi kisan ƙare dangi a 2006. Kuma ka tuna sama da shekara 50 ba a isa a ambaci yunwar a Sobiyet ba, sai a 1987 hukuma ta amsa an yi. Ɗan jarida Gareth Jones da ya shiga ƙauyukan a ƙafa ya ba da labari a 1933 ƙaryata shi aka yi.

Maman_Khairat:
Innalillahi, wlh jikina ya yi sanyi. To Malam ranar tsayayya ce ko tana canzawa?

Malam_Sadiƙu:
Asabar ta huɗu ta Nuwamba ce kowace shekara, don haka kwanan watan yana motsawa. Ƙarfe 4 na yamma agogonsu ake shiru na minti ɗaya sannan a kunna kyandir ɗin.