Neman kalma: wasan da gola ya tashi ba a ci shi ko ɗaya ba, me za mu kira shi?

Baban Khalifa: Jama'a, barkanku da warhaka. Kwana uku ke nan ina fama da wani rubutu a kan Dominik Hashek, golan nan na ƙasar Cek, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Wasansa ƙwallon gora ne na kan ƙanƙara, wanda 'yan wasa ke zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Sunan wasan bai dame ni ba, gidajen rediyo sun riga sun ba mu ƙwallon gora, ni ƙanƙara kawai na ƙara masa. Gola kuwa gola ne, ko a ce mai tsaron raga. Inda na maƙale shi ne abin da mutanen Amurka da Kanada ke kira "shutout", wato gola ya tsare raga tun daga farkon wasa har a tashi ba a zura masa ko ɗaya ba. Hashek ya yi haka sau 81 a gasar NHL, babbar gasar wasan ta Amurka da Kanada, ban da zagayen neman kofi. A kakar 1997 zuwa 1998 kaɗai ya yi 13, shida daga ciki a watan Disamba. In kullum sai na rubuta "wasan da ya tashi ba a zura masa ƙwallo ko ɗaya ba", mai karatu zai gudu ya bar ni. Kalmar da ake iya ƙirgawa nake nema, a ce ya yi kaza 13.

Tsohon Gola: Yaya, mu a gidan kallon ƙwallo "kilin shit" muke cewa, kowa na ganewa. Kuma ni fa ban ga abin yabo ba. Na ga ragar tasu a waya, ba ta fi akurkin kaji ba. A samo ƙato mai teɓa a zaunar a bakinta mana.

Baban Khalifa: Ƙanena, da ka ce haka a Buffalo, garin Amurka da Hashek ya tsare wa ƙungiyarsu raga, da sai an raba ka da jama'a. Gaskiya ne ragar ƙarama ce, faɗinta santimita 183, tsayinta 122. Amma abin da ake bugowa baƙar roba ce mai tauri, kaurinta inci ɗaya, faɗinta inci uku, nauyinta wajen giram 165, ana ma sa ta a firji ta daskare kafin wasa. In gwani ya make ta takan wuce kilomita 150 a awa, ga mutane sun yi cincirindo a gaban gola sun tare masa gani. A wasa guda sai a kai masa hari sau talatin. Ranar 27 ga Afrilu 1994 ƙungiyar New Jersey ta kai wa Hashek hari sau 70, bai bar ko ɗaya ta wuce ba. Minti sittin na wasa suka ƙare, aka shiga ƙarin lokaci har kashi na huɗu, kafin Dave Hannan ya ci wa Buffalo ɗaya tilo. Sama da awa biyu na wasa tsantsa. Irin wannan dare ne kake so in kira "kilin shit"? Babata ba za ta iya maimaita kalmar nan a gaban surukai ba.

Maman Ilham: Ni tambayata daban ce, Malam. Ka ce abin a shimfiɗe yake kamar marfin gwangwanin tumatir, ya ake kuma kiransa ƙwallo? Ai faifai ya fi dacewa.

Malamin Hausa: Hajiya, ƙwallo ya girmi tamaula a bakin Bahaushe. Ƙwallon mangwaro a mulmule yake? Ƙwallo shi ne tauraren abin da ke cikin ɗan itace, kuma muna yara ƙwallon goruba muke kora da sanda a dandali. A bar wa robar nan sunanta na ƙwallo, mu koma kan abin da ya tara mu.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa gare ku. Mu da munka yi lakkwal da Faransanci mun san mutanen Kebek na Kanada "blanchissage" suke cewa, ma'anarsa wanki. Mi zai hana mu ce gola ya yi wanki?

Baban Khalifa: Su ma mutanen Cek tsabta suka bi, "čisté konto" suke cewa, wato asusun da ba a rubuta komai a cikinsa ba, ko su ce sifili kawai. Amma wanki a kunnena duka ne. In ka ce an yi wa ƙungiya wankin babban bargo, kowa zai ɗauka shida da nema aka yi mata. Abin da muke magana a kai yana iya zama ɗaya da nema, kuma ƙungiyar golan ce ta sha wahala duk daren.

Malamin Hausa: Haka ne. Na zauna da biro na jera wasu, duk na soke su da kaina. Toshiya ta fito daga toshewa, ma'ana ta yi daidai, sai dai ka rubuta cewa gola ya yi toshiya 81 ka ga ko ba za a ce a kama shi ba, don Bahaushe toshiyar baki zai ji. Kulle ya tafi ga matan aure, abin da ya rage korona ta kwashe. Datsiya ta manoman rani ce. Garƙama tana da ƙarfi, har ƙarar kwaɗo kana ji a cikinta, amma wanda aka kai gidan yari ake garƙamewa, kuma "ya yi garƙama 13" ya yi wa harshe nauyi.

Tsohon Gola: Allah ya gafarta Malam, to a ce ya sa su azumi.

Malamin Hausa: Wannan ta barkwancin majalisa ce, ɗana. Ba za a sa ta a jarida ba.

Maman Ilham: Ku tsaya. A ƙofar zauren gidan kakata akwai rubutu da gawayi, manyan baƙaƙe biyu-uku a karkace: BA SHIGA. Duk damina ruwa ya wanke, duk kaka wani yaro ya sake rubutawa. Mai tallan itace ma a nan yake cin birki ya yi sallama. Ba wanda ya taɓa tambayar ma'anarsa. Ai abin da golan naku ya rubuta wa New Jersey ke nan. Ku ce ya yi ba-shiga.

Malamin Hausa: Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Ginin kalmar ma na gida ne, 'yar'uwar ba-zata ce, kuma kamar yadda muke cewa ya yi musu ba-zata haka za mu ce ya yi musu ba-shiga. A sa karan ɗori a tsakani don a bambanta ta da umarnin ƙofar zaure. Jinsinta mace, tunda shiga mace ce: ba-shigarsa ta farko, ba-shigarsa ta 81. Ba ta buƙatar jam'i, lamba ta wadatar.

Baban Khalifa: Bari in gwada ta a inda ya fi wuya, gasar Olamfik ta Nagano a Japan, Fabrairun 1998, karo na farko da aka bar 'yan NHL suka je. Kowa ya sa ido a kan Kanada da Amurka. Cek ta fitar da Amurka da ci huɗu da ɗaya, ta haɗu da Kanada a wasan kusa da na ƙarshe. Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, ƙarin lokaci bai raba ba, aka je bugun daga-kai-sai-gola. Mutum biyar Kanada ta turo: Fleury, Bourque, Nieuwendyk, Lindros, Shanahan. Ba wanda ya ci, ta Lindros ma turke ta daka. Wayne Gretzky, babban tauraron Kanada, yana zaune a benci ba a ko kira shi ba. Robert Reichel ya ci wa Cek tasu ɗaya, shi ke nan. To zan rubuta cewa Hashek ya yi wa Kanada ba-shiga.

Tsohon Gola: A'a fa, Yaya. Kai da bakinka ka ce ɗaya da ɗaya. Wa ya ci ɗayar?

Baban Khalifa: Trevor Linden, saura kamar minti ɗaya a tashi. Ka kama ni.

Tsohon Gola: To an shiga ke nan. Ko da ɗan aike ne ya leƙa tsakar gida, an shiga.

Malamin Hausa: Ka ga amfanin kalmar da ke da iyaka. A wasan Kanada sai a ce duka biyar ba wanda ya ci shi a bugun daga-kai-sai-gola. Ba-shiga ta wasan ƙarshe ce.

Baban Khalifa: Ƙwarai, ranar 22 ga Fabrairu, da Rasha, ɗaya da nema, Petr Svoboda ya ci. Wannan ba-shiga ce tsantsa, kuma da ita Cek ta ɗauki zinare. Da suka koma Prag jama'a suka cika dandali suna ta kiran a kai Hashek fada, fadar da shugaban ƙasarsu ke zama. Abin da ke ba ni mamaki, mutumin nan na 199 aka zaɓe shi lokacin da Chicago ta ɗauke shi a 1983, bai kuma je Amurka ba sai 1990, bayan mulkin kwaminisanci ya faɗi a Cekoslobakiya. Ya je ya tarar da Ed Belfour a raga, ya yi ta ɗumama benci, a 1992 aka miƙa shi Buffalo kamar kayan da aka rasa mai saye. Tsaron nasa ne bai yi wa masu horarwa kyan gani ba: ya kwanta rigingine, ya yi birgima, ya yar da gorarsa ya danne ƙwallo da hannu, wani lokaci da kai ma yake tarewa. Da wannan birgimar ya ɗauki kyautar Vezina ta gwarzon gola sau shida, da kyautar Hart ta gwarzon ɗan wasa a 1997 da 1998, ba golan da ya taɓa ɗaukarta sau biyu sai shi. A cikin kowane hari dubu da aka kai masa a NHL ya tare 922.

Ɗan Maraɗi: Ina da saura guda. In gola ya ji ciwo a tsakiyar wasa aka sako wani, kuma su biyun ba a ci su ba, ta wa ce?

Baban Khalifa: A ƙa'idar NHL ba a rubuta wa ko ɗayansu, ƙungiya ake rubuta wa. Sai mu ce ba-shigar ƙungiya, kalmar ta ɗauka. Ga yadda na gyara sakin layin, ku duba mini: "A 2001 ya koma Detroit, shekarar da ta biyo ya ɗaga kofin Stanley na zakarun NHL bayan ya yi ba-shiga shida a zagayen neman kofi. Ya sake ɗaga shi a 2008, sannan ya koma garinsu Pardubice, inda ya fara buga wa manya yana ɗan shekara 16, ya ci musu gasar ƙasa a 2010 yana da shekara 45."

Maman Ilham: Ya zauna daram. Sai dai ka cire "inda ya fara" ɗin nan ka ba shi jimlarsa daban, numfashi ya ɗauke mini kafin in kai 45.

Tsohon Gola: Ni ranar Asabar zan kai ta gidan kallo. In golanmu ya tashi ba a ci shi ba zan miƙe in ce ba-shiga, in ga mutum nawa za su juyo su dubi ƙofa.