Iyaye maza masu zaman gida a Amurka: dubu 200 ne ko miliyan 2?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wani rahoto ya ce mazan da ke zaune a gida suna rainon 'ya'yansu a Amurka ba su wuce dubu 200 da 'yan kai ba, wani kuma ya ce miliyan 2 ne, kuma kusan lokaci ɗaya suke magana a kai. Wa ya yi kuskure? Sannan me ya sa tallace-tallace ke yawan nuna irin wannan uba kamar wanda ko ɗaukar jariri bai iya ba?

Malamin ƙididdiga:
Wa alaikumus salam. Babu wanda ya yi kuskure, mudun awon ne ya bambanta. Dukansu daga rijiya ɗaya suka ɗebo, wato binciken gidaje da Hukumar Ƙidaya ta Amurka ke yi, wanda a watan Maris ake ƙara masa tambayoyi kan aikin da mutum ya yi a bara.

Kafin Hukumar ta sa mutum a wannan lissafi, sai yana da aure, yana da yaro ɗan ƙasa da shekara 15, bai yi aikin kuɗi ba kuma bai nema ba duk makonni 52 na bara, ya faɗa da bakinsa cewa kula da gida da iyali ne dalili, sannan matarsa tana aiki ko neman aiki duk tsawon shekarar. Da haka ta samu kusan 214,000 a 2013.

Duba waɗanda wannan rariya ke zubarwa. Uban da yake wuni da yara daga Litinin zuwa Juma'a, ya shirya su, ya dafa musu abinci, amma yana tuƙa tasi daren Asabar, ya fita. Wanda ya nemi aiki na 'yan makonni bai samu ba, shi ma ya fita. Wanda matarsa ta rasu ko suka rabu yana riƙon yara shi kaɗai, tun farko ba a kalle shi ba.

Mai bibiyar rahotanni:
Malam ya yi bayani. Sai dai a yi hattara da miliyan 2 ɗin ma. Cibiyar bincike ta Pew ce ta fitar da shi a 2014, na shekarar 2012, kuma ta ƙirga duk uban da ke gida ɗaya da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wanda bai yi aikin kuɗi ba a shekarar, ko mene ne dalilinsa. Kashi 35 cikin ɗari ciwo ko nakasa ne ya zaunar da su, kashi 23 rashin samun aiki. Kashi 21 kacal suka ce kula da iyali ne, ko da yake a 1989 kashi 5 ne. Kusan rabinsu suna cikin talauci. Wannan ne ke damuna: jaridu sun fi son hoton mai digiri da ya ajiye babban aiki da son ransa, su manta da majinyacin da ba shi da zaɓi.

Mai son kwatanta Amurka da wasu ƙasashe kuma ya lura: a Suwidin iyaye suna da hutun raino na kwana 480, kwana 90 an keɓe wa kowannensu. Uban da ke wannan hutu ma'aikaci ne a takarda, ko da ya yi wata uku yana canza wa jariri ƙunzugu.

'Yar jarida:
Ɗan'uwa, kan tambayarka ta biyu, masu talla sun daɗe suna ganin uwa ce mai saye, sai su mayar da uba abin dariya don su faranta mata. A 2012 kamfanin Huggies, mai yin ƙunzugun jarirai, ya yi tallan da ke nuna barin jariri a hannun uba shi ne gwaji mafi tsanani ga kayansa. Iyaye maza suka yi ca a intanet, kamfanin ya sauya tallan.

A Birtaniya abin ya kai ga ƙa'ida. Daga Yunin 2019 hukumar sa ido kan talla ta hana tallan da ke yi wa maza ko mata kuɗin goro ta hanyar da za ta cutar. A Agustan shekarar ta dakatar da tallan cukun Philadelphia, inda aka nuna uba ya shagala da abinci har bel ɗin da ke zagayawa da faranti ya tafi da jaririnsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To wanne zan sa a rubutuna?

Malamin ƙididdiga:
Sa duka biyun, kowanne da shekararsa da sharuɗɗansa a jimla ɗaya. Kada ka rubuta "masu rainon yara" a gaban miliyan 2, rubuta "waɗanda ba su yi aiki ba a shekarar".