Wane irin kamfas zan saya don hawan duwatsun Shere?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna shirin hawa duwatsun Shere na nan Jos ta ɓangaren Lamingo. Da wayata na so in dogara, to batirinta ko azahar ba ya kaiwa. Na leƙa kasuwar Terminus na ga iri biyu: ƙarami mai murfi, da wani a kan farantin roba garau. Wanne ya fi? Iyakar sanina da kamfas shi ne duba alƙibla.

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam. Yaro, ɗauki mai farantin, wanda allurarsa ke cikin ruwa. Ruwan ne ke sa ta tsaya da wuri, kuma farantin na hawa kan taswira. Kada ka biya sai ka gwada a gaban mai kaya. Riƙe shi a kwance a tafin hannu, ka kawo makulli kusa har allurar ta karkace, sannan ka janye. In ba ta koma daidai inda take ba, ajiye masa abinsa.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Kamfas da yawa don Turai aka yi su, inda maganaɗisun ƙasa ke jan kan allura ƙasa, shi ya sa ake ƙara wa ɗaya ɓangaren nauyi. Mu nan Jos wannan jan kusan babu shi, sai ka ga allurar ta rinjaya gefe guda tana gogar gida. Duba ta daga gefe, da idonka. Kamfanonin Silva da Suunto suna da masu aiki a ko'ina, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne, kuma jabu sun yi yawa.

Aikin kuwa tun daga ƙasa ake fara shi. Kamfas bai san inda kuka bar mota ba. Saita kibiyar farantin ga dutsen da za ku, juya zoben har kan allura mai launin ja ya zauna a kan alamar arewa, ka karanta lambar, ka rubuta a takarda. In digiri 70 ce, hanyar dawowa 250 ke nan, ƙarin 180. In lambar ta wuce 180, ragewa za ka yi.

Maman Hanan:
Ni ƙari kaɗan a kan maganar Baba. Nisanta shi da waya, da wuƙa, da jikin mota lokacin dubawa. Kuma ku tafi da rigar sanyi, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, in hazo ya sauko dutsen da ke gabanka ma ba ka gani.

Ɗan Rikkos:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Wani abokina dai ya nace wai rana ta ishe mu.

Tsohon Safiyo:
Da safe da yamma, eh. Da tsakar rana tana bisa kai, kuma daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ta arewa take bi da mu, ba ta kudu ba. Ka fara gwaji a filin ƙwallon unguwarku. Alƙiblar Jos wajen digiri 65 ce, saita ta ka ga ko ta zo ɗaya da sahun masallacinku. Ku kuma nemi ɗan gari ya raka ku, ku sallame shi da kyau.