Ɗana ya kulle kansa a ɗaki, mahaifinsa na son mayar da shi gida: ku ba ni shawara

A sakaya sunana, daga Bronx:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya shugabar zaure, don Allah ki ɓoye sunana, da yawa a nan sun san ni.

Shekarata 19 a Niyok. Aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, maigidana kuma tasi yake ja da dare. Ɗan farina shekararsa 16, a nan aka haife shi. Tun bayan ƙaramar Salla yaron nan ya canja min. Da can sai na yi da gaske nake raba shi da filin ƙwallon kwando, yanzu takalman suna bayan ƙofa ƙura ta rufe su. Makaranta sai ya ga dama, har sun kira ni sau uku. In na dawo aiki ƙarfe bakwai, kwanon da na ajiye masa a bakin ƙofa yana nan yadda na bar shi, miyar ta yi sanyi, mai ya daskare a samanta. Shekaranjiya da asuba na ji yana gaya wa ƙanwarsa wai da bai zo duniya ba da kowa ya huta. Tun lokacin ban runtsa ba.

Watan jiya na kai shi wani asibiti. Awa biyar muna zaune, likitan bai yi minti goma da mu ba. Ya tambaye shi ko yana shan wiwi, ko yana cikin 'yan daba. Yaron ya ce a'a. Sai ya ce ƙuruciya ce, a rage masa waya. Turancina na kasuwa ne ba na asibiti ba, maganar tana cikina amma ta ƙi fita.

Babansa ya ce hannu aka sa masa. An aiko rubutu daga Kumasi, ya sha kwana bakwai. Yanzu tikiti yake nema ya kai shi wurin yayansa, a bar shi hannun wani malami. Zuciyata ba ta kwanta da tafiyar ba, amma nan ɗin ma tsoro nake ji. In na ce yaro na maganar mutuwa, kada a turo mana 'yan sanda, ko a ƙwace min ƙannensa. Ga inshorarmu ta yanke tun bara. Ina zan sa kaina?

Nas, mai aikin dare:

Wa alaikumus salam Yaya. Maganar da ya faɗa wa ƙanwarsa ita ce ta farko, sauran duk su jira. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki shiga ɗakinsa ki zauna, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko har ya tsara yadda zai yi. Na san kalmar tana da nauyi a baki. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma ajiyar zuciya yake yi don an ba shi ƙofar magana. Kafin nan ki kwashe duk ƙwayoyin gidan, har da na hawan jinin babansa da na ciwon kai, ki kulle su. Kada a bar shi shi kaɗai a gida kwanakin nan.

Sannan ki kira 988. Lamba ce ta masu damuwa, tana aiki a duk Amurka tun Yulin 2022, kyauta, dare da rana, kuma uwa tana iya kira a madadin ɗanta. Ki ce kina son tafinta. A Niyok suna iya turo ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa har gida, da kayan gida, ba jiniya. Ba zan ɓoye miki ba, in suka ga rai na cikin haɗari a take suna iya kiran 911, lambar gaggawa ta 'yan sanda da motar asibiti, amma yawancin kira a waya ake ƙarewa. In kuwa ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, kada ki tsaya tunani, asibitin gaggawa kawai.

Inshora kada ta tsayar da ke. Jihar Niyok tana da Child Health Plus, na duk yaron da bai kai 19 ba, ko da takardu ko babu. Ku manya kuma akwai NYC Care, wanda a Bronx ɗin nan aka fara shi a 2019, gwargwadon samunki ake karɓa.

Baban Yara, Harlem:

Hajiya ki bi maganar maigidanki. Yaran ƙasar nan hutu ne ya yi musu yawa. Mu da muka tashi muna ɗebo ruwa kafin mu tafi makaranta, wa ya san wani ciwon damuwa? Ya je gida wata shida ya ga yadda mutane ke fama, da kansa zai warke.

Maman 'Yan Biyu:

Baban Yara, da girmanka, amma mun san shi sarai, suna ne ba mu ba shi ba. Wace unguwa ce a gida ba ta da wanda ake cewa tunani ya cinye shi? Ni na aika nawa gida a irin wannan hali. Kwana uku da isarsa aka karɓe fasfonsa da wayarsa, don wai ya nutsu. Da ya dawo bayan shekara ciwon na nan, ya ƙaru da jin cewa mun yar da shi ne. Har yau muna gyaran wannan. Ban ce kowa haka zai gani ba. Amma yaron da ke maganar mutuwa, ba a ɗora shi a jirgi a raba shi da uwarsa.

Malamin Islamiyya:

'Yar uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Addu'a da tofi ba su taɓa hana zuwa wurin likita ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Kuma baƙin ciki ba raunin imani ba ne: Annabi Yakubu ya yi ta kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Ku ci gaba da azkar na safe da yamma a kusa da shi, a hankali, ban da tsawa, ban da duka da sunan fitar da aljani. Maigidanki tsoro ne ya kama shi kamar yadda ya kama ki, shi tikiti ya sani. In kin amince, ki ba shugabar zaure lambarsa, zan same shi bayan Juma'a mu yi magana irin ta maza.

Ɗalibar aikin jin daɗin jama'a:

Anti, tambayar wiwi da daba ce ta tsaya min a rai. Ana yi wa kowane matashi tambayar shaye-shaye, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a tsaya a nan. Sanannen abu ne a fannin nan cewa baƙin yaro da ke cikin damuwa an fi saurin ɗaukarsa mai taurin kai ko mai fushi, kuma baƙar fata babba da ya zo da ciwon damuwa an fi saurin rubuta masa babban taɓin hankali fiye da Bature mai alamu iri ɗaya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da bakinta ta nemi afuwa a Janairun 2021 kan wariyar da ta daɗe a aikinta. Masana halayyar ɗan Adam a ƙasar nan, baƙaƙen fata ba su wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba. Shi ya sa samun wanda ya san gida irin namu yake wuya.

Tsoronki na 'yan sanda ma ba shirme ba ne. A Bronx ɗin nan, a Oktoban 2016, ɗan sanda ya harbe Deborah Danner, baƙar fata mai shekara 66 da ke fama da ciwon ƙwaƙwalwa, a cikin ɗakinta. A garin Rochester na jihar Niyok kuma, a 2020, ɗan uwan Daniel Prude, wani baƙar fata da ke cikin rikicewar ƙwaƙwalwa, shi ne ya kira 'yan sanda neman taimako, ƙarshenta Prude ya rasu bayan kamun da aka yi masa. Bayan irin waɗannan ne birnin Niyok ya fara shirin B-HEARD a Harlem a 2021, inda ake tura ma'aikatan lafiya maimakon 'yan sanda zuwa wasu kiraye-kirayen. Ba kowane kira suke zuwa ba, shi ya sa Nas ta ce 988 tukuna.

In kin koma asibiti, ba wancan ba, ki nemi tafintan Hausa tun daga teburin karɓar baƙi. Haƙƙinki ne ƙarƙashin dokar 'yancin jama'a ta 1964 a duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ba a biya, yawanci ta waya ake haɗa ku. Kada ki sa ƙanwarsa ta fassara, nauyin ya fi ƙarfinta. Ki tafi da takarda: yaushe ya fara, kwana nawa ya rasa a makaranta, nawa ya rame, da ainihin kalmomin da ya faɗa. Ki ce a yi masa gwajin damuwa mai tambaya tara, PHQ-9 ake ce masa. In likita ya ƙi, ki ce ya rubuta a fayil cewa kin nema ya ƙi. Wannan jimlar kaɗai tana sauya fuskar mutum.

Batun ƙwace yara: uwar da ta kai ɗanta neman magani ba sakaci ta yi ba. Abin da ya fi jawo bincike shi ne yaro ya yi ta fashin makaranta ba bayani. Ki je ki ga mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ki ce ba shi da lafiya, kuna kan nema masa magani.

Hajiya mai kitso:

Ni maƙwabciyata 'yar Jamhuriyar Dominika ce ta cece ni bayan haihuwata ta uku. Wata biyu ina kuka ban san dalili ba. Ta shigo aron albasa ta same ni zaune a ƙasan kicin, jaririya na tsala ihu a ɗaki. Ta ce su a wajensu nerbiyos suke cewa, jijiyoyi wai, don ba wanda ke son a ce a gidansu akwai mahaukaci. Na ce ashe kanwar ja ce, mu ma iska muke cewa. Ita ta riƙe hannuna har asibitin unguwa. Fiye da rabin mutanen Bronx 'yan Latino ne, wato 'yan asalin Latin Amurka irin maƙwabciyar tawa, layi ɗaya muke bi da su a asibiti, matsalar tafinta ɗaya, tsoron takardu ɗaya. Sun riga mu sanin ƙofofin, ki tambaye su ba kunya.

Nas, mai aikin dare:

Na manta. Ki ce a duba jininsa ma, ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo kasala irin wannan. In aka ba shi ƙwaya, takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinta, a sa masa ido sosai a makonnin farko, kuma ba a yanke ta rana ɗaya. Akwai kuma Teenspace, kyauta ga 'yan shekara 13 zuwa 17 a birnin nan, yana magana da mai ba da shawara ta wayarsa, da izininki. Ƙari ne wannan, ba madadin ganin likita ba.

A sakaya sunana, bayan kwana biyar:

Na gode, Allah ya bar zumunci. Abin da ban faɗa muku ba, da yake ɗan fari ne, tun da aka haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama bakin gadonsa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Daren da na karanta saƙon Nas na tsaya a ƙofarsa kusan rabin awa. Sannan na shiga, na kira shi da sunansa na yanka. Ya yaye bargo yana kallona kamar bai san ni ba. Na yi masa tambayar. Ya ce yana tunanin, amma bai tsara komai ba. Ya ce ya ɗauka ba na son sa ne. Muka yi kuka har aka kira asuba.

Na kira 988. Washegari mata biyu suka zo, suka cire takalmansu a bakin ƙofa ba tare da na ce ba. An ba mu ranar Alhamis ƙarfe goma a wani asibitin. Malam ya ga babansa, bai ce ya fasa tafiyar ba, amma ya ce a dakata, kuma shi zai kai mu da tasinsa. Jiya yaron ya sha rabin kofin koko.

Yanzu saura aikina. Cikin masu aikin tsofaffi, akwai wadda za ta riƙe min safiyar Alhamis, ni in riƙe mata Lahadi?