Neman shawara: na wanke karyar tsohuwar da nake kula da ita, gashin ya cukurkuɗe

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah kada a yi mini dariya, tambayata a kan kare ce.

Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan kusa da garin Hodasfil a Ingila. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wurinta safe da yamma, ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune sai ƙananan karnukanta biyu. Ɗaya mace ce, irin wadda suke kira Yoksha Teriya, Yoki a taƙaice, ba ta fi mage girma ba, gashinta dogo mai santsi kamar na mutum. Ɗayan namiji ne, Boda Teriya, ja-ja mai gemu, gashinsa kaushi kamar tsintsiyar kwakwa. Da can ita take gyara su da kanta, amma ciwon gaɓɓai ya kama yatsunta, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Rabon da a taje su tun kafin Kirsimeti.

Ranar Asabar na ga gashin macen ya dunƙule a bayan kunne da hamata, na ce bari in yi abin kirki. Na sa ta a baho, na wanke ta da shamfuna, na dirje ta da tawul. Wallahi tana bushewa sai gashin ya koma kamar tabarma. Kum ba ya shiga, ina taɓawa tana ƙara. Tsohuwar ba ta ce komai ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Shi kuma namijin ya yi buzu-buzu, gashin bayansa ya rabu biyu kamar an yi masa tsaga. Ina tunanin in ɗauko kilifar Baban Ilham in yi wa dukansu ƙwal-kwabo kowa ya huta. Wanda ya san abin nan ya taimaka mini.

Abban Sadik:
Ikon Allah, an zo Ingila an ƙare a kitson kare. Kilifar da maigida yake gyaran gemu da ita? Ki fara neman izini tukuna. Mu dai a gida in kare ya yi ƙazanta, Dettol ake ɗigawa a ruwa a watsa masa.

Hajiya Umma:
Ni tsarki ne ya dame ni, 'yar nan. Da waɗanne kaya kike salla?

Malam Na Biradfod:
Hajiya, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya ne suka tsananta. Ta ware rigar aiki daban, ta huta da waswasi.

Yaya Bilki:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye kilifar nan. Shekara uku na yi a shagon gyaran karnuka a Niyukasil kafin in koma karatu, kuma abin da kika yi shi kusan kowa yake yi ranar farko. Sunan teriya ne ya haɗa karnukan nan biyu, amma gashinsu ko kusa ba ɗaya ba ne, don haka gyaransu ma ba ɗaya ba ne.

Bari in fara da macen, ita ce take cikin wahala. Yoki ba ta da gashin ciki mai laushin nan da yawancin karnuka suke da shi. Gashi ɗaya ne, siriri, yana ta tsawo kamar namu, ba ya zuba sosai. Wanda ya karye ba ya faɗuwa ƙasa, maƙalewa yake a cikin sauran ya ƙulle. Ke da kike yi wa Ilham tsifa kin sani, ba a zuba ruwa a kan da ya cukurkuɗe sai an warware. Ruwa ƙara ɗaure ƙullin yake, dirza da tawul kuwa saƙa ce kika yi. Yanzu tunda ya zama tabarma ya manne da fata, kada ki yi ƙoƙarin tajewa, azaba ce. Almakashi kuma ko kusa. Fatar hamata da ta bayan kunne kamar takarda take, ƙullin yana jawo ta sama, sai ki yanka kina zaton gashi ne. Na sha ganin waɗanda aka kai ɗinki saboda haka. Mai sana'ar ne zai bi ta ƙarƙashin ƙullin da injin karnuka ya aske. Kilifar mutane ba ta ratsa irin wannan gashin, cizo take yi, ga zafi da take ɗauka ta ƙone fata.

Bayan an aske, gashi zai fito sabo. Daga nan aikinki minti biyar ne kullum: kum na ƙarfe, ki ɗan fesa ruwa mai kwandishana ta karnuka, ki riƙe gindin gashin da yatsu, ki fara daga baki kina hawa. Bayan kunne, hamata, ƙirji inda ɗamara take gogawa, nan ne yake fara ƙullewa. Ga tsohuwar da ba ta da ƙarfin hannu, gara a riƙa saisaye shi gajere duk sati 6 zuwa 8. Doguwar sumar nan mai jan ƙasa ta masu zuwa gasa ce. Kuma ki nemo mata 'yar rigar sanyi, don in aka aske ta a wannan lokacin ba abin da zai tare mata iska.

Namijin kuwa labarinsa daban, kuma shi ne mutane suka fi ɓatawa. Boda riga biyu gare shi: ta ciki gajera mai laushi kamar auduga, ta waje mai kaushi kamar waya. A tuddan kan iyakar Ingila da Sikotland aka yi kiwonsu, suna bin dawakin mafarauta cikin ruwa da ƙaya, su shiga rami bayan yanyawa. Kaushin nan shi yake zamar da ruwan sama, laka kuma in ta bushe sai ta kakkaɓe. Gashin wajen in ya kai iyakar tsawonsa mutuwa yake yi, amma ba ya zuba duka, yana nan zaune a cikin hudarsa. Tsagar da kika gani a bayansa ita ce alamar ya mutu, ya isa cirewa.

Cirewar da hannu ake yi, tsiga ake yi, kamar figar kaza amma a hankali. Na san zai yi miki kama da mugunta. Gwada ki gani: ki kama sili biyar ko shida a kan kafaɗarsa tsakanin babban yatsa da manuni, ɗayan hannun ya danne fatar, ki ja ta inda gashin yake kwanciya, wato wajen wutsiya. In ya isa, zai taho a hannunki ba tare da karen ya ko waiwayo ba. Wasu har barci suke yi a kan tebur. Muna barbaɗa garin alli ko mu sa robar yatsa irin ta masu ƙirga kuɗi don kada ya zame, akwai kuma 'yar wuƙa marar kaifi da aka yi don haka. Ba a wanka kafin tsiga, gashin santsi zai yi, kuma ana jira kwana biyu zuwa uku bayanta kafin a sa masa ruwa. Sau biyu a shekara ya wadatar.

Dalilin da ba a son aski shi ne, kowane sili bakinsa ne mai kauri da launi, gindinsa siriri ne fari-fari. In aka aske an sare mai kyan, an bar mataccen gindi a ciki. Aski biyu ko uku sai ki ga kare ja ya koma ruwan toka, gashin ya yi laushi yana shan ruwa kamar soso. Amma fa ni ba na cikin masu mayar da abin addini. In kare ya tsufa ba ya iya tsayuwar awa biyu, ko an daɗe ana aske shi, ko an yi masa fiɗiya gashin ya riga ya yi laushi, a aske shi kawai. Sauran teriya irin su Westi fararen nan da Keyan da Nofok duk tsarinsu ɗaya da shi, kuma yawancin Westin da kike gani a titi askakku ne, suna nan lafiya lau.

Baban Amira:
Ni maƙwabcina kare irin Jak Rasel gare shi mai gajeren gashi, na ɗauka shi ne hutu. Sau ɗaya na rage musu hanya a motata, wata guda ina tsintar farin gashi a kujera, kamar allurai ya soke. Ashe su iri uku ne, mai sulɓi, mai kaushi, da na tsakiya, kuma mai sulɓin ya fi kowa zubarwa.

Anti Rakiya:
Maman Ilham, kafin komai ki sanar da ofishin da kike wa aiki. Shekara tara ina wannan aikin. In gyaran kare ba ya cikin takardar tsarin kulawarta, kika ji masa ciwo, ke kaɗai za ki amsa. Ki rubuta abin da kika gani, a kira 'ya'yanta. Akwai ƙungiyar agaji mai suna Cinnamon Trust, tun 1985 aikinsu ke nan, taimakon tsofaffi da dabbobinsu, masu sa kai suna zuwa su fita da kare yawo ko su kai shi asibiti.

Dakta Sani:
Likitan dabbobi na karanta a Zariya. Abin da Yaya Bilki ta faɗa daidai ne. Abban Sadik, a bar maganar Dettol, yana ƙona musu fata, in suka lasa kuma guba ne. Shamfun mutane ma bai dace ba, fatar kare ba ta kai tamu tsami ba, busar da ita yake ta kama ƙaiƙayi. A duba ƙarƙashin ƙullin nan da kyau bayan aski, damshin da ya maƙale tun Asabar yana iya zama gyambo. Sannan Yoki maƙogwaronsu rauni gare shi, a sa mata ɗamarar ƙirji, kada a ja ta da igiyar wuya, ko a kan teburin gyara. Ki leƙa bakinta ma, ƙananan karnukan nan haƙoransu saurin lalacewa suke yi.

Maman Ilham:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na gaya wa ofis, sun kira 'yarta, ta turo wata mai gyara da take zuwa har gida da motarta. An aske macen tas, ta koma kamar ɓera, kuma Dakta ka yi gaskiya, an sami wuri ja yana ruwa a bayan kunnen hagu, an kai ta asibiti an ba da man shafawa. Namijin kusan awa biyu ana tsiga, gashin ya cika leda guda. Da ya sauko ban gane shi ba, ya yi jawur sumul, ashe siriri ne. Tsohuwar tana ta shafa bayansa da bayan hannu. Ranar ta ba ni labarin mahaifinta, ma'aikacin masaƙar ulu ne, ta ce irin su ne suka fara kiwon Yoki don kama ɓeraye, kuma kakan irin duka wani kare ne da ake kira Hodasfil Ben, an haife shi 1865. Ni da nake garin ban sani ba.

Ofis sun yarda in riƙa taje macen da yamma. Saura farcen namijin, yana ƙwas-ƙwas a kan katako, kuma baƙi ne wuluk, ba na ganin inda jini yake. Mai gyaran ta rage kaɗan ta ce sai a hankali.

Dakta Sani:
Haka ne. In farce ya daɗe ba a yanke ba, jijiyar ciki ita ma tsawo take yi. A riƙa ɗebe kaɗan-kaɗan duk sati biyu, jijiyar za ta ja baya da kanta. Mai yankan ta duba bakin farcen bayan kowane yanka, da ta ga ɗigo mai duhu ya bayyana a tsakiya ta tsaya. Kada a manta da ɗan farcen nan na gefen ƙafar gaba, shi ba ya taɓa ƙasa, lanƙwashewa yake ya shige cikin nama.